Kundin lissafin tashin jirgi da zafin ƙasarmu

Asabar, 11 Janairu 2025

Yau muka buɗe aikin a zaure bayan la'asar. Ɗan kundi nake so mu haɗa da Hausa, na lissafin da ɗalibin tuƙin jirgin sama yake yi tun yana ƙasa: nauyi nawa jirgi zai ɗauka, titi mai tsawon nawa zai ci kafin ya ɗaga, in ya ɗaga kuma da wane sauri zai yi sama. Na yi shekaru ina wannan aiki a ofishin tsara tashin jirage kafin in dawo gida nan gefen Ringim in kama noma, kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne littattafan da yaranmu suke karantawa. Galibinsu a Amurka da Ingila aka rubuta su, misalansu na ranakun da zafi bai wuce digiri 15 ko 20 ba. Yaro zai haddace, ya ci jarrabawa, amma bai taɓa zama ya lissafa abin da ranar Afrilu take yi wa jirgi a Kano ba. Don haka sharaɗin kundin guda ne: kowane misali da lambobin ƙasar nan za a gina shi.

Masu zama da ni su ne 'yar ƙanwata, wadda ta karanta lissafi kuma take shirin neman gurbi a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, sai ɗan wana, sai wani malamin firamare da ya ce shi sha'awa ce kawai ta kawo shi. Kwalejin tana nan tun 1964, kuma yanzu akwai jiragen Diamond a cikin waɗanda take koyarwa da su. Duk da haka Cessna 172S, ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, muka ɗauka don misalai, saboda littafinsa ba ya wuyar samu. Lambobi za su sha bamban daga jirgi zuwa jirgi, hanyar lissafin dai ɗaya ce.

Mun fara da ranar ma'auni, wadda masu ƙera jirage suka yarda a auna komai da ita: zafi digiri 15 a daidai gaɓar teku, matsin iska hektofaskal 1013, zafi kuma yana raguwa da kusan digiri 2 a duk ƙafa 1,000 da aka hau.

Asabar, 18 Janairu

Na rataya ma'aunin zafi a reshen darbejiyar ƙofar gida, inda rana ba ta taɓa shi. Yau bayan asuba ya nuna 14, hunturu yana kaɗawa, hazo ya rufe bishiyoyin bakin rafi. Ɗan wana ya je wajen makarantar firamare inda sabis ya fi kamawa, ya sauko mana da rahoton yanayin filin jirgin Malam Aminu Kano. Tsayin filin ƙafa 1,562 ne daga gaɓar teku, kuma da shi za mu riƙa aiki.

Mataki biyu ne. Na farko tsayin matsin iska: a ɗebe QNH na ranar, wato matsin iskar da rahoton yanayi ya bayar bisa ma'aunin gaɓar teku, daga 1013, a ninka da ƙafa 30, a haɗa da tsayin fili. Da QNH 1016 ragi ne na ƙafa 90, ya zama 1,472. Na biyu tsayin kaurin iska, wato tsayin da jirgi yake ji a jikinsa. A ranar ma'auni zafi a wannan tsayi digiri 12 ne, mu kuma muna da 14, bambanci 2. Kowane digiri ƙafa 120 ne, sai a ƙara 240. Amsa kusan ƙafa 1,710.

A teburin littafin jirgin, da cikakken nauyi, wannan safiya tana neman kusan ƙafa 1,855, wato mita 565, daga inda aka saki birki zuwa inda jirgi ya kai ƙafa 50 a sama. Na ce su rubuta lambar a bangon littattafansu, za mu neme ta in bazara ta kama.

Asabar, 8 Fabrairu

Nauyi da daidaito. Nan malamin firamaren ya fi kowa saurin ganewa, domin yana da amalanke. Ya ce ai in ka tula kaya bayan ƙafafun amalanke, gaba ɗagawa yake har karkiya ta nemi shaƙe shanu, in kuma ka tula gaba, wuyansu ne zai sha. Haka jirgi yake a kan fikafikansa, sai dai shi in nauyi ya yi baya da yawa hancinsa ne zai ɗaga, matuƙi ya kasa mayar da shi.

Ga yadda muka jera. Jirgin nan ba ya tashi da fiye da laba 2,550. Mun ƙaddara jirgin misalinmu laba 1,680 ne ba kowa ba mai, cibiyar nauyinsa a inci 39 daga layin awo da ke gaban jirgi, inda ake fara auna tazarar komai. Cikakken mai galan 53, kowane galan laba 6, ya zama 318, mazauninsa inci 48. Ɗaliba da malaminta kilo 155, wato laba 341, a inci 37. Fasinja ɗaya a baya kilo 80, laba 176, a inci 73. Jimla 2,515. Ana ninka kowane nauyi da tazararsa a sami rinjayensa, a tara rinjayen duka a raba da jimlar nauyi. Mun sami inci 42.2, yana cikin iyaka, domin iyakar baya 47.3 ce, ta gaba kuma a wannan nauyi ta kusa 41.

Sai na ce fasinjan ya zo da buhun shinkafa mai kilo 50 daga Haɗeja, ya ce lallai sai an tafi da shi. Laba 110 ke nan. Wurin kaya na bayan kujeru yana ɗaukar 120, saboda haka ɗan wana ya ce ai ya shiga. Ya shiga wurin kaya, amma jimla ta koma 2,625, an zarce da laba 75. 'Yar ƙanwata ta ce, "Kawu, to a rage mai mana." An rage galan 13, nauyi ya dawo 2,547, cibiya ta matsa baya zuwa 44.3, har yanzu lafiya. Amma galan 13 ya fi man awa guda a sama. Tambayar da na bar musu ita ce ko sauran man zai kai inda za a je, a kuma sauka da ajiyar da doka ta ce, wadda a ƙasashe da yawa minti 30 ce da rana, 45 da dare. Kujera huɗu ba ta nufin mutum huɗu da cikakken tanki, wannan na sa an rubuta shi da jan biro.

Asabar, 22 Fabrairu

Zaman yau gajere ne, a kan ma'aunai. Littafin jirgi yana magana da laba da galan da ƙafa, mai sayar da mai yana ba ka lita, fasinja ya san kansa da kilo, taswirar fili ta ba ka mita. Mun yi shafi guda na juyi: kilo ɗaya laba 2.2, galan ɗin Amurka lita 3.8, litar man ƙananan jirage kilo 0.72, mita ɗaya ƙafa 3.28, not ɗaya kilomita 1.85 a awa.

Don kada su raina shafin na ba su labarin Boeing 767 na Kanada a ranar 23 Yuli 1983. An lissafa mansa da laba a maimakon kilo, ya tashi da abin da bai kai rabin bukatarsa ba, injinan biyu suka mutu yana sama. Allah ya sa matuƙan suka lallaba shi ba inji zuwa tsohon filin sojan sama na Gimli, ba a rasa rai ba.

Asabar, 15 Maris

Saboda azumi mun mayar da zama bayan tarawihi, da fitilar sola. Iska muka taɓa. Babban titin filin Kano lambarsa 06 ta wani kai, 24 ta ɗaya kan, wato yana fuskantar digiri 60 da 240 a kamfas. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, sai ta zo wa mai tashi ta 06 kusan gaba da gaba. In ta karkace, akwai dabarar agogo: karkata digiri 15 kwatan iskar ne yake bugun gefe, 30 rabi, 45 uku cikin huɗu, 60 a ɗauka duka. Iska daga digiri 30 mai not 14 tana ba da not 7 a gefe, 12 a gaba. Mafi ƙarfin iskar gefe da aka gwada jirgin nan da ita not 15 ce, kuma ƙwararre ne ya gwada. Iyakar ɗalibi malaminsa ne yake yanka masa ita, ƙasa da haka sosai.

Abin da nake so ya zauna musu shi ne rashin daidaiton gaba da baya. Sai iskar gaba ta kai not 9 take rage maka kashi 10 cikin 100 na titi. Iskar baya kuwa kowane not 2 kashi 10 take ƙara maka. Shi ya sa a jiragen haya ake lissafa rabin iskar gaba kawai, ta baya kuma a ninka ta ɗaya da rabi. Na sa wannan ƙa'ida a kundin har ga ƙaramin jirgi.

Asabar, 12 Afrilu

Ranar da nake jira. Da azahar ma'aunin darbejiya ya nuna 41, ko kaji sun buɗe baki a gindin rumbu, ƙarfen famfo ba ya taɓuwa. Na tura a kira su tun kafin la'asar, don in suna lissafin su riƙa jin abin a jikinsu.

QNH 1010, sai tsayin matsin iska ya zama 1,652. Zafin ranar ma'auni 12, namu 41, bambanci 29. A ninka da 120, ƙafa 3,480. Jimla ta haura ƙafa 5,100. Filin jirgin Jos, da ke kan tsauni, ƙafa 4,232 ne. Wato jirgin da ke tsaye a Kano da azahar ɗin nan, a wajen injinsa da fikafikansa ya fi Jos tsayi a ranar ma'auni, alhali bai motsa daga inda yake a watan Janairu ba. Ɗan wana ya sake buga lissafin a kalkuleta, bai yarda ba sai da ya ga lambar ta dawo.

Na tsaya a nan sosai, don nan ne zuciyar kundin. Iska in ta yi zafi buɗewa take, sai abin da ke cikin kowane mudu nata ya ragu. Wurare uku jirgi yake jin wannan ragi a lokaci guda. Inji irin na 172S, mai ƙarfin doki 180 wanda ba shi da na'urar cusa iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 a duk ƙafa 1,000, ke nan kashi 15 sun tafi, saura doki 150 da 'yan kai. Farfela tana juyawa amma iskar da take kamowa ta jefa baya ba ta da yawa. Fiffike kuma sai ya yi gudu fiye da da kafin ya sami abin da zai ɗaga shi.

Wannan na ukun shi ne mai yaudara. Agogon gudun da ke gaban matuƙi da matsin iskar yake aiki, don haka zai nuna not 55 ɗin da aka saba ɗaga hanci a kansa, ko da sanyi ko da zafi. Amma ainihin gudun jirgi a kan kwalta ya ƙaru da kusan kashi 2 a duk ƙafa 1,000, yau kashi 10 ke nan. 'Yar ƙanwata ce ta ƙarasa da kanta: tsawon titi yana bin gudu ninki cikin kansa, 1.1 sau 1.1 ya ba da 1.21, tun ba a sa raunin inji ba. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don wanda ya gano dalili da kansa ba ya mantawa.

Sai muka buɗe tebur. A digiri 40, tsakanin layin ƙafa 1,000 mai 2,135 da na 2,000 mai 2,355, namu, mai tsayin matsin iska 1,652, ya faɗa kusan ƙafa 2,280, mita 695. Lambar Janairu 565 ce. Mita 130 zafi ya ci, jirgi ɗaya, fili ɗaya, kaya ɗaya. In aka gwada da ƙafa 1,630 na ranar ma'auni a gaɓar teku, wadda ita ce lambar da ake tallata jirgin da ita, ƙarin ya kai kashi 40.

Malamin firamaren ya duba ya ce, "Ranka ya daɗe, ina layin 41?" Babu shi. Teburin a digiri 40 ya tsaya, mu kuwa a nan Afrilu da Mayu haura 40 ba baƙon abu ba ne. Ɗan wana ya ce a ja layin gaba da ƙiyasi. Ban yarda ba, kuma ba zan sa shi a kundin ba. Inda tebur ya ƙare, nan alkawarin maƙerin jirgi ya ƙare. Ɗalibi ya jira safiya ko yamma, ko ya kai maganar ga malaminsa. Ra'ayina ke nan, na san akwai matuƙan da suke ƙara kaso su tashi, amma mai koyo ba shi da wannan hurumi.

Mun rufe da hawa. A ranar ma'auni jirgin yana yin ƙafa 730 a minti. A ƙafa 2,000 da digiri 40 tebur ya ba shi 560. In ka raba wannan da gudunka a not, za ka sami kusan kashi 7 cikin 100, wato bayan kilomita guda ka hau mita 70 kacal. Mai tashi ta inda akwai rimi ko hasumiyar waya dole ya san wannan lamba tun kafin ya tayar da inji. Akwai kuma batun rage man da ke shiga inji: littafin ya ce a filin da ya haura ƙafa 3,000 a daidaita shi kafin tashi, kuma malamai da yawa da tsayin kaurin iska suke auna wannan. Na bar shi a matsayin tambayar da ɗalibi zai yi wa malaminsa.

Lahadi, 4 Mayu

Ba ranar zama ba ce, amma na kira su. Rana irin ta yau a 2002, da azahar, jirgin fasinja samfurin BAC 1-11 mai zuwa Legas ya tashi daga Kano ya faɗa kan gidaje a Gwammaja. Mutum fiye da 100 suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Binciken da aka yi ya nuna jirgin ya zarce ƙarshen titi kafin ya ɗaga, injinansa suka shaƙi ƙura, ga zafin rana da ya riga ya rage masa ƙarfi. Yaran nan biyu ba su da wayo a lokacin. Mun karanta abin da ya faru, mun yi wa mamatan addu'a. Shafi guda zai shiga kundin a kan wannan, ba don ɗora wa kowa laifi ba, don mai karatu ya san lissafin shafukan baya a garinsa ya taɓa zama maganar rai.

Asabar, 24 Mayu

An yi yayyafin farko, ƙasa ta yi laushi, mutane sun fara fita da sungumi. Mun ɗauki igiyar awon gona muka je filin makiyaya na bayan gari, muka auna mita 1,000 muka kafa turaku, muka ƙaddara titin jirgi ne na ciyawa. Tun a tafiyar suka ga abin da takarda ba ta nunawa: wani wuri rairayi ƙafa tana nutsewa, wani wuri ramin gafiya, ga gangare kaɗan wajen rafi.

Lambobin tebur na busasshiyar kwalta ce shimfiɗaɗɗiya, da sabon jirgi, da matuƙin gwaji. Ga busasshiyar ciyawa littafin ya ce a ƙara kashi 15 na gudun ƙasa, wato tsawon da jirgi yake ci a kan taya kafin ya ɗaga. Da azahar mai digiri 40 gudun ƙasa kusan ƙafa 1,340 ne, ƙarin 200, jimla 2,480, mita 756. Hukumar jiragen sama ta Ingila tana ba masu ƙananan jirage shawarar su ninka sakamakon da 1.33 don kariya. Ya zama mita 1,005.

Ɗan wana ya ce, "Baffa, mita biyar fa, ko tsawon ɗaki biyu bai kai ba." Na ce masa kariyar nan ba rara ba ce da za a yanka, ita ce take ɗauke da tsufan inji, da tayar da iskarta ta ragu, da hannun ɗalibin da ya makara wajen ɗaga hanci. In lissafi ya ce bai isa ba, bai isa ba. Muka sake shi da safiya mai digiri 26, ya ba da mita 909. Jirgin zai tashi da hantsi, ba zai tashi da azahar ba, sai in an sauke kaya. Kashi 10 na ƙarin nauyi kashi 20 yake ƙara wa titi, don haka ragin ma yana da tasiri babba.

Ga damina hukumar ta ba da kashi 30 ga jiƙaƙƙiyar ciyawa, kashi 25 ko fiye ga ƙasa mai laushi, kashi 10 ga hawan da ya kai 2 cikin 100. Ninka su ake yi da juna, ba tarawa ba. Wani abin da teburin bai kula da shi ba shi ne laima: iska mai ɗauke da tururin ruwa ta fi busasshiya rashin nauyi, don haka ranar zafi mai gumi kafin hadari ta fi abin da lissafi ya nuna muni.

Asabar, 14 Yuni

Bayan Babbar Sallah aikin gona ya ɗauke mu, zaman ya koma na dare. Babin tsayin kaurin iska, na nauyi, na iska da na tashi sun kammala, 'yar ƙanwata ta buga su a kwamfuta. Na aika wa wani tsohon abokin aikina mai koyar da tuƙi ya bi kowace lamba da littafin jirgi a hannu. Ba za a raba ko kwafi ɗaya ba sai ya dawo da shi, kuma a shafin farko an rubuta cewa kundin na koyo ne, ranar tashi littafin jirgin da za a hau shi ne abin bi.

Saura babin sauka. Mun riga mun ɗora harsashi: ƙafa 1,335 daga tsayin ƙafa 50 a ranar ma'auni, 575 a ciki gudun ƙasa ne, busasshiyar ciyawa tana ƙara kashi 45 na gudun ƙasar saboda birki ba ya kamawa, kariyar sauka kuma 1.43 ce. Ɗan wana ne zai lissafa misalan da lambobin Janairu da na Afrilu a kan titin nan namu na mita 1,000, ya kawo ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu. Bayan shi sai babin mai da zango, wanda za mu gina a kan tafiya daga Kano zuwa Dutse da dawowa.